Ɗan Koyon Tuƙa Helikwaftan Rimot Ba Ya Buƙatar Kayan Ƙarfe

Ɗan yayata ya shafe wata bakwai yana tara kuɗi. Duk hutun makaranta yana rumfar wani mai gyaran waya a Farm Centre yana taya shi aiki, abin da ya samu yana ajiyewa, har Allah ya nufa ya yi odar ƙaramin helikwafta mai aiki da rimot, ƙirar XK K110. Jirgin bai yi sati biyu a hannunsa ba ya zo mini da waya bayan sallar isha'i, ya nuna mini hoton wasu kayayyaki jajaye masu sheƙi: kan farfela, maƙallan fukafukai, da faifan da ke karkata jirgi, duk na alminiyam.

"Kawu, an ce idan na sa masa waɗannan ya daina karyewa."

Na tambaye shi nawa ne. Da ya haɗa da kuɗin kawowa, abin ya kusa rabin kuɗin jirgin. Na sake tambayarsa ko yana iya tsayar da jirgin a iska wuri guda na minti ɗaya ba tare da ya sulale ba. Ya ce tukuna. Sai na ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Abin da na gaya masa a daren nan shi nake so in gaya wa duk wani matashi a Kano da ya shigo wannan harka, da iyayen da ake roƙo su biya, da masu kawo kayan suna sayarwa. Ga wanda bai iya tuƙi ba, sauya kayan roba da na ƙarfe asarar kuɗi ce, kuma sau da yawa tana ƙara masa wahala. Na faɗi haka ne bayan shekarun da na yi ina tuƙa waɗannan jirage, ina fasa su, ina zama da alanki da ƙaramar sukundireba ina haɗa su, kuma ni kaina na taɓa sayen irin waɗannan kayan a lokacin da bai kamata ba.

Na san inda tunanin ya samo asali, domin da shi muka tashi. A wurinmu ƙarfe shi ne nagari, roba kuwa ta wucin gadi ce. Bokitin ƙarfe da gadon ƙarfe sun ga jikoki, kujerar roba kuwa biki biyu ta tsage. Har gobe za ka ji dattijo yana yabon Peugeot 504, yana cewa wannan ita ce mota, na yanzu gwangwani ne, ɗan taɓawa kaɗan sun lotse. Akwai gaskiya a maganar ta wani ɓangare. Amma masu ƙera mota da gangan suka sa gabanta da bayanta su riƙa lotsewa, don ƙarfin karon ya ƙare a jikin bodi kafin ya isa ga mutanen da ke ciki. Motar da ba ta lotsewa, fasinja ne ke shan bugun. Wannan hikimar ce ke cikin ƙaramin helikwafta, kuma ita ce mai sayen kayan ƙarfe yake rushewa ba tare da ya sani ba.

Idan jirgi ya faɗi farfelarsa na juyawa, a ƙananan nan sau dubbai take zagayawa a minti ɗaya, ƙarfin bugun dole ya sami inda zai sauka. A jirgin da yake yadda kamfani ya ƙera shi, akwai wuraren da aka bari da rauni: 'yan sandunan robar da ke haɗa faifai da fukafukai sukan fizge su fita, haƙoran babbar giyar roba sukan zube, maƙallin fiffike yakan tsage, ƙafafun sauka sukan karye. Waɗannan su ne mafi araha a jikin jirgin, kuma mafi sauƙin canzawa. Aikinsu irin na fis ne a wayar wutar gida. Duk mun san abin da ke faruwa idan fis ya ƙone aka naɗa masa waya mai kauri don a huta da canji: ranar da wuta ta zo da ƙarfi, firij da talabijin ne ke tafiya. To idan ka mayar da kan farfela da maƙallansa na ƙarfe, bugun ba ya ɓacewa, wucewa yake yi. Sai ya sauka a kan shaf ɗin tsakiya ya lanƙwasa shi, ko ya bi ta faifai ya kai ga 'yan injinan nan da ake kira sarbo, masu tura faifan sama da ƙasa, ya kakkarya haƙoransu. Wani lokaci ya kai ga firam ɗin da ke riƙe da komai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ninka kuɗin robar da ka guje wa karyewarta.

Wannan ma da sauƙi, tunda ɓarnar da ake gani ana iya gyara ta. Abin da ya fi cutar da ɗan koyo shi ne halin alminiyam kansa. Roba gaskiya gare ta: ko ta tanƙwara ta koma yadda take, ko ta karye kowa ya gani. Alminiyam kuwa lanƙwasa yake yi ya zauna a haka, kuma lanƙwasar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta lalata tashin jirgi. Ido ba ya ganinta. Yaro zai ɗauki jirginsa daga ƙasa, ya karkaɗe ƙura, ya juya shi gaba da baya, ya ga komai lafiya, ya yi murna cewa ƙarfe ya yi rana. Da ya sake tayar da shi sai karkarwa. Jiragen yanzu kuma galibinsu ba su da sandar daidaito da na da suke da ita a saman farfela. Wata 'yar na'ura ce mai suna jairo take jin motsin jirgin tana gyara masa zama sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ba abin da ke rikita jairo kamar karkarwa. Sai jirgi ya riƙa ja gefe guda, jela na kaɗawa, yana yin abin da ba a sa shi ba.

Gwani zai gane nan take cewa wani abu ya lanƙwashe. Zai kwance shaf ya mirgina shi a kan gilashi ko madubi, ya ga yana ɗingishi, ya canza. Ɗan koyo ba shi da wannan sanin. Bai taɓa jin yadda lafiyayyen jirgi yake a hannu ba har ya saba, balle ya bambance laifin yatsunsa da laifin inji. Zai ɗauka shi ne ya kasa. Haka ta faru da ni a kan jirgina na biyu, mai girman da ake kira 450. Na yi kusan wata biyu ina fama, kullum na fita sai na dawo da ɓacin rai, har na fara tunanin ba ni da hannun wannan abu. Wani da ya riga ni farawa ne ya karɓa ya duba, ya nuna mini maƙallin fiffike ɗaya na alminiyam da ya ɗan buɗe baki tun faɗuwar farko. Wata biyun nan ba na koyon tuƙi, ina koyon kokawa da jirgi marar lafiya ne, kuma sai da na ɗauki lokaci kafin munanan ɗabi'un da yatsuna suka koya su bar ni.

Wani zai ce ai nan Kano ne, ba abin da ke gagarar maƙera da masu walda, a kai musu su miƙar. A kan abubuwa da yawa haka ne, kuma ina alfahari da hakan. Wanda ya zaga Ƙofar Ruwa ya ga abin da hannu ke yi da ƙarfe ba zai raina mu ba. Amma ban da wannan. Alminiyam ɗin da ya lanƙwashe aka miƙar da shi ya riga ya gaji, yana iya tsagewa ta ciki, kuma maƙallin fiffike shi ne ke riƙe da fiffiken da ke neman fizgewa da ƙarfin gaske yayin juyawa. Ranar da ya saki, fiffike fita yake yi kamar an harba shi. A filayenmu kuwa ba ka taɓa tuƙi kai kaɗai. Da an ji ƙarar jirgi yara sun kewaye ka. A manyan jirage abin ya wuce maganar rauni: a shekarar 2013 wani matashi ɗan shekara 19 ya rasa ransa a birnin Niyok na Amurka lokacin da farfelar babban helikwaftansa na rimot ta same shi a ka, kuma gwani ne. Kayan kan farfela da suka lanƙwashe shara ne, kome kyan launinsu.

Sai maganar nauyi, wadda masu talla ba sa ambata. Alminiyam ƙarfe ne marar nauyi idan aka gwada shi da baƙin ƙarfe, amma ya ninka robar nailan nauyi fiye da sau biyu: guntun alminiyam mai giram 2.7, nailan mai girmansa wajen giram 1.15 take. Jirgi irin na ɗan yayata gaba ɗayansa wajen giram 60 ne, da ɗan batir mai ɗaki ɗaya da ke ba shi tashin minti biyar ko makamancin haka. Ƙara masa giram uku ko huɗu kamar ɗora wa mai Adaidaita Sahu ƙarin buhun siminti ne: zai tafi, amma inji na kuka, mai na ƙarewa da wuri. Batir zai riƙa mutuwa da sauri, injin zai ƙara zafi, sannan jirgin da ya fi nauyi ya fi buguwa idan ya faɗi. Babbar ni'imar ƙaramin jirgi ga ɗan koyo ita ce rashin nauyinsa. Yakan faɗi sau goma a kan ciyawa a ɗauka a ci gaba. Mai sa masa ƙarfe da kuɗinsa yake sayar da wannan ni'imar.

Ga kuma ɗawainiyar da ke biyo baya. Noti a cikin roba yana kama kansa. Noti a cikin ƙarfe kuwa karkarwa na kwance shi sannu a hankali, sai an ɗiga masa gam ɗin da aka yi don haka, irin shuɗin nan na Loctite, ɗan kaɗan, kuma a kiyaye kada ya taɓa roba domin yana cin wasu nau'o'inta. Ɗan koyo nawa ne ya san wannan? Na ga wanda ya sa sufa gulu a madadinsa, ya liƙe boris ɗin gaba ɗaya. Sannan ba duk abin da ke sheƙi ne aka yanka daidai ba. Da yawa daga jajaye da shuɗɗan kayan da ake samu da araha a intanet ba kamfanin jirgin ne ya yi su ba, kuma akan sami wanda raminsa ya yi faɗi ko ya matse, har ya fi robar asali sakwarkwacewa. Launin nan rini ne kawai a fatar ƙarfen, ba ya gaya maka komai game da ingancinsa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan gaskiya ne a ko'ina a duniya. Amma a Kano yana da ƙarin nauyi, saboda yadda kaya ke zuwa mana. Wanda ke Jamus ko Amurka idan ya lanƙwasa wani abu, a 'yan kwanaki an kawo masa sabo har gida. Mu kuwa za ka zaga Sabon Gari ka sami jiragen wasan yara iri-iri, amma da wuya ka sami safayar jirgi mai tasha shida, wato mai karɓar umarni iri shida daga rimot. Sai oda daga Chana ta AliExpress ko ta hannun wani da ke kawo kaya, a jira makonni, wani lokacin fiye da wata. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 kuma, dalar da ake samu a hukumance kan ƙasa da Naira 500 ta haye 1,500 a shekarar da ta biyo baya, komai na wannan harka ya ninka. A irin wannan hali tambayar da ta kamaci ɗan koyo ita ce: idan na faɗi ranar Asabar, zan iya sake tashi ranar Lahadi? Kuɗin kan farfela ɗaya na ƙarfe zai saya masa jakar kayan roba: fukafukai, giyoyi, sandunan haɗi, ƙafafu, farfelar jela, shaf biyu ko uku. Mai wannan jakar yana gyara a gindin bishiya cikin minti goma ya koma fili. Mai ƙarfe guda ɗaya tilo yana gida yana duba waya ko kayansa sun iso Legas. Kuma tuƙin helikwafta abu ne da ke zama a yatsu. Wata guda ba ka taɓa rimot ba, rabin abin da ka koya ya gudu.

A nan ne abin yake ci mini rai. Ba mu da yawa. Yaran da ke shigowa wannan harka su ne waɗanda jiya suke ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, masu son sanin yadda abu ke aiki. Garin nan ne a 2007 wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa helikwafta da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa har labarinsa ya zaga duniya. Irin wannan sha'awar tana nan a unguwanninmu, kuma ƙaramin jirgin rimot makaranta ce babba gare ta: a jikinsa yaro zai fahimci yadda fiffike ke ɗaga nauyi, dalilin da ya sa ake buƙatar farfelar jela don kada jirgi ya riƙa juyawa a kan kansa, yadda batir da inji da rediyo ke aiki tare. Na san matasa aƙalla uku da suka bar harkar a shekararsu ta farko, jiragensu na kan sif cike da kayan ƙarfe masu kyau, ba su taɓa iya zagaya fili sau ɗaya ba. Kuɗin ne ya ƙare a inda bai kamata ba, zuciya kuma ta karaya. Mai sayar da kaya da ya dubi yaron da bai iya tsayar da jirgi ba ya ce masa ƙarfe ne maganin faɗuwa, ya ci ribar yini ɗaya ya yi asarar abokin ciniki na shekara goma. Ina roƙonsu su ji tsoron Allah su faɗi gaskiya, su kuma riƙa kawo safayar roba da yawa, domin ita ake nema.

Ba na cewa ƙarfe ba shi da amfani. Manyan jirage, irin su T-Rex 700 na kamfanin Align, da kan ƙarfe suke fitowa daga masana'anta, saboda ƙarfin da ke kansu ya fi abin da roba za ta ɗauka. Gwanin da ke kifar da jirgi yana tuƙa shi a juye, yana fizgarsa hagu da dama, yana jin ɗan tanƙwarar da roba ke yi, kuma ƙarfe na ba shi daidaiton da yake nema. Jiragen da aka ƙera da ƙarfe tun asali, kamar na OMP Hobby, an auna sauran jikinsu daidai da hakan, wannan daban ne da liƙa wa jirgin roba abin da ba a yi shi don shi ba. Ko ga ɗan koyo akwai inda zan yarda: idan wani yanki guda ya riƙa lalacewa ba tare da faɗuwa ba, misali faifan roba da ya sakwarkwace ko yake rabuwa biyu a iska, to a canza wannan kaɗai da na ƙarfe mai kyau. Akwai kuma gaskiyar da masu son ƙarfe suke da ita game da yanayinmu: zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana gasa roba, wadda aka bari a rana ko a cikin mota a rufe takan bushe ta yi saurin karyewa. Amma maganin wannan inuwa ce da akwati, kuma dole ne ma ka nemi inuwar saboda batir, wanda zafi ke kumbura shi har ya iya kama wuta. Ƙurar hunturu kuwa ba ruwanta da ƙarfe ko roba, boris take shiga. Burushi da tsumma ne maganinta, da rage zuba mai, tunda mai ne ke kama ta.

Da za a ba ni kuɗin nan a ce in kashe wa ɗan koyo, batura zan fara saya. Mai batir ɗaya minti biyar yake samu ya koma jiran caji, a garin da wutar ma sai an yi sa'a. Mai batir shida yana da rabin awa a kowace fita, kuma da wannan rabin awar ake zama matuƙi. Bayan su sai jakar safaya. Sai kuma waya ko 'yar na'urar da ke haɗa rimot da kwamfuta, don a yi atisaye a manhajar koyon tuƙi irin su Heli-X ko RealFlight, inda za ka faɗi sau ɗari a dare ɗaya ba ka yi asarar ko sisi ba. Ga jirgi mai ɗan girma, sanduna biyu a gicciye a ƙarƙashinsa da ƙwallayen tenis na tebur a bakinsu suna hana shi kifewa wajen sauka, kuma wannan a gida ake haɗa shi. Abin da ya fi duk waɗannan kuwa kyauta ne: makunnin da ke jikin rimot mai kashe inji nan take. Wanda ya saba wa yatsansa da danna shi da zarar ya ga jirgi ya ƙwace, kafin ya taɓa ƙasa, ya rage ɓarnar faɗuwarsa fiye da yadda kowane ƙarfe zai rage, domin farfelar da inji ya daina turawa ba ta da ƙarfin karya kanta. A haɗa da zaɓen lokaci da wuri: da sassafe kafin iska ta tashi, a fili mai ciyawa ko yashi mai laushi, nesa da mutane da wayoyin wuta, nesa ƙwarai da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da unguwannin da ke kewaye da shi.

Ɗan yayata bai ji daɗin maganata ba a daren nan, na ga haka a fuskarsa. Kayan suna da kyau, kuma yana so abokansa su ga jirginsa ya fita daban. Wannan ba laifi ba ne ga mai shekarunsa. Muka yi yarjejeniya. Ya sayi batura huɗu da safayar roba, ni kuma na ɗauki alkawarin ranar da ya tsayar da jirgin yana fuskantarsa, hanci na kallon ƙirjinsa, inda hagu ke zama dama dama ke zama hagu, har batir ɗaya ya ƙare bai sauka ba, zan saya masa faifan ƙarfen da kuɗina. Yanzu wata huɗu ke nan. Ya zubar da haƙoran giya uku, ya karya ƙafafu sau biyu, ya canza shaf ɗaya bayan ya mirgina shi a kan madubin mahaifiyarsa ya gano lanƙwasar da kansa. Yana tsayar da jirgin jela na kallonsa, yana tsayar da shi ta gefen dama da na hagu. Asabar ɗin da ta wuce ya juyo da hancin, ya riƙe na daƙiƙa ashirin kafin ya danna makunni jirgin ya faɗa cikin ciyawa. Ya je ya ɗauko, ya mayar da sandar haɗi ɗaya da ta fita, ya ɗaga kai ya ce, "Kawu, miƙo mini batir na gaba."